Yadda Ake Ƙiyasta Kimar Katin Ɗan Wasa Kafin a Tura Shi Wurin Tantancewa

Duk wanda ya taɓa cike takardar tura katin ɗan wasa, irin mai hoto da ake tarawa ana cinikinsa, zuwa kamfanin tantance katuna na PSA da ke Santa Ana a jihar Kalifoniya ya san wurin da hannu yake tsayawa. Sunan ɗan wasa da shekarar bugu da lambar kati duk suna jikin katin, kwafewa kawai ake yi, amma da an iso gurbin da aka rubuta Declared Value, wato kimar da mai kati ya ayyana, sai a rasa inda za a kwafo amsa. Abin da kamfanin yake nema a gurbin shi ne kuɗin da kake tsammanin katin zai yi a kasuwa bayan an duba shi, an ba shi maki, an rufe shi cikin kwanson roba. Kuɗin da ka saye shi ba ya cikin lissafin, haka nan kimarsa ta yau da yake ba shi da maki.

Wannan adadi yana da ayyuka biyu manya. Shi ne yake nuna ajin hidimar da katin zai shiga, domin kowane aji yana da iyakar kimar da yake karɓa, kuma gwargwadon hawan ajin gwargwadon tsadar tantancewa da saurin dawowar kati. A 'yan shekarun nan ƙananan azuzuwan PSA suna tsayawa ne a wajen dala 500, ajin Regular a wajen dala 1,500, Express a 2,500, Super Express a 5,000, sannan Walk-Through a 10,000, daga nan kuma sai azuzuwan manyan katuna. Farashi da iyakoki suna sauyawa, har a ƙarshen watan Maris na 2021 kamfanin ya dakatar da yawancin azuzuwansa na ɗan lokaci saboda katuna sun yi masa yawa, don haka a duba jadawalin kuɗin a ranar da za a cike takarda. Aiki na biyu kuwa shi ne wanda ake yawan mantawa: adadin da ka rubuta shi ne iyakar inshorar katin a hanyarsa ta dawowa, kuma shi ne iyakar diyyar da za ka iya nema idan katin ya ɓace ko ya lalace a hannun kamfanin. Wanda ya rubuta dala 100 a kan katin dala 900 ya riga ya yanke wa kansa diyya tun kafin wani abu ya faru.

Farkon aiki shi ne tabbatar da ainihin katin da ke hannu. Wannan bai da wahala a tsofaffin katuna, amma a na zamani irin na Panini Prizm da Topps Chrome hoto ɗaya yana fitowa a launuka da yawa, wani mai ƙyallin azurfa, wani an buga guda 99 kacal, wani guda 10, wani kuma ɗaya tilo a duniya, kuma tazarar kuɗi tsakaninsu tana da faɗi ƙwarai. A juya bayan katin a karanta lambarsa, a duba ko an buga masa adadin kwafi, sannan a nemi farashi da cikakken sunansa.

Daga nan sai aikin da ya fi kowanne nauyi, wato hasashen makin da katin zai samu. PSA, wanda aka kafa a 1991, yana ba da maki daga 1 zuwa 10, kuma masu tantancewa suna duba abubuwa huɗu: zaman hoto a tsakiyar kati, kusurwoyi, gefuna, da fuskar katin. A shimfiɗa kyalle mai laushi a kan tebur, a kunna fitila mai haske sosai, a riƙe katin ta gefensa ana karkata shi a hankali, domin karce da layin injin bugu ba sa fitowa sai haske ya bugi fuskar katin a karkace. Kusurwoyi huɗun nan a bi su ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma, gaba da baya. Zaman hoto kuma a auna shi da rula, kada a bar wa ido shi kaɗai. Ido ba mudu ba ne, ko da yake ya san kima, amma idon mai kaya yana da son kai. Idan farin gefen hagu ya kai milimita 3, na dama kuma 2, rabon ya zama 60 da 40 ke nan, alhali maki 10 yana bukatar wajen 55 da 45 a gaba, da 75 da 25 a baya.

Katin kamfanin Fleer na 1986 mai lamba 82, katin farko da kamfanin ya buga wa ɗan wasan ƙwallon kwando Hakeem Olajuwon haifaffen Legas, misali ne mai kyau, kuma a jikinsa an rubuta sunan ne Akeem, domin bai ƙara harafin farko ba sai a 1991. Katunan wannan bugu suna da zagayen ja da shuɗi, kuma launi mai duhu ba ya rufa wa kati asiri: ɗan gogewa kaɗan a kusurwa sai farin takarda ya leƙo kamar ƙwayar gero. Ga shi kuma da yawa sun fito daga inji a karkace. Mai irin wannan kati da ya ga ɗigon fari a kusurwa biyu ya daina tunanin maki 10, ya fara lissafi daga 8 zuwa ƙasa. Shawarata ga wanda bai taɓa turawa ba ita ce ya rage maki ɗaya daga abin da zuciyarsa ta faɗa masa, har sai ya tura katuna sau biyu ko uku ya gwada hasashensa da sakamakon da ya dawo.

Akwai kuma kundin ƙidaya da PSA yake wallafawa, inda ake ganin kwafi nawa na kowane kati aka tantance da makin da kowanne ya samu. Idan kundin ya nuna cewa mafi yawan kwafin sun tsaya a 8 ne, kuma 'yan kaɗan ne suka kai 10, to sai da ƙwaƙƙwaran dalili mutum zai ɗauka nasa yana cikin 'yan kaɗan ɗin.

Bayan an tsayar da maki sai a nemi kuɗin da aka sayar da irin katin mai wannan makin. A nan ne mutane suke yawan ruɗar kansu, domin suna duba kuɗin da masu kaya suka sa, alhali kowa ya san kuɗin da aka yi wa kaya suna daban, kuɗin da aka sallama daban. A shafin saye da sayarwa na eBay sai a tace bincike ya nuna waɗanda aka riga aka sayar kaɗai. Ko a nan ma akwai tarko, domin idan mai saye ya yi tayi aka sallama masa, kuɗin farko ne yake bayyana an ja masa layi, ba abin da aka biya ba. Manhajar 130point tana taimakawa wajen gano ainihin kuɗin. PSA yana da nasa kundin sakamakon gwanjo, akwai shafin bin farashin katuna na Card Ladder, kuma ga manyan katuna akwai sakamakon gidajen gwanjo irin su Goldin da Heritage. A tattara ciniki uku zuwa biyar na baya-bayan nan, a ajiye wanda ya yi tsada fiye da kima da wanda ya faɗi warwas, a ɗauki na tsakiya. Ciniki ɗaya da ya yi sama shi kaɗai abin tuhuma ne, domin akan sa 'yan kore su tura gwanjo sama, wani lokaci kuma wanda ya ci gwanjon ba ya biya.

A kwatanta kati da mai kwanson kamfani ɗaya, domin ban da PSA akwai wasu kamfanonin tantancewa irin su Beckett da SGC. Maki 9.5 na Beckett da maki 10 na PSA da maki 10 na SGC kowanne kasuwarsa daban, don haka wanda zai tura wa PSA ya nemi cinikin PSA. Lokacin cinikin ma yana da muhimmanci. A farkon 2021 an sayar da katin Michael Jordan na Fleer 1986 mai maki 10 a kan dala 738,000 a gwanjon Goldin, amma kafin shekara biyu su cika irin katin ya faɗi ƙasa da rabin wannan kuɗin. Ga ɗan wasan da yake kan ganiyarsa kuwa, rauni ɗaya ko wasan ƙarshe ɗaya ya isa ya juya farashi cikin mako guda, don haka cinikin wata uku da suka wuce shi ne mafi nisan da ya kamata a dogara da shi in dai ana samu.

Inda hankali yake rabuwa shi ne katin da ya faɗo kusa da iyakar aji. A ɗauka a misali kana da katin zamani wanda mai maki 9 yake tafiya a dala 180, mai maki 10 kuma a dala 620. Idan ka auna ka ga 9 ya fi kusa, ka rubuta 180 ka shiga ƙaramin aji, kuma babu laifi a cikin haka. In katin ya ci 10, kamfanin zai mayar da shi ajin da ya dace ya nemi cikon kuɗi, kuma wannan ciko ne da ake biya da fara'a, tunda katin ya ninka kimarsa fiye da sau uku. Idan kuwa ka rubuta 620 don fata kawai, ka biya kuɗin babban aji, katin ya dawo da 9, to ba a saba mayar da rara ba, domin an riga an yi maka hidimar da ka zaɓa. Abin da ba shi da amfani ko kaɗan shi ne karya kima da gangan a katin da ko da mafi ƙarancin maki ya haura iyakar ajin. Masu tantancewa sun san kasuwa, za su nemi cikon, ba za a saki katin ba sai an biya, kuma duk tsawon wannan lokaci katin yana zaune da ƙaramar inshora. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Idan da gaske ka kasa raba 9 da 10, ka tambayi kanka wane adadi ne za ka iya haƙura da shi a matsayin diyya in katin ya salwanta, ka rubuta shi.

Katin da ba a taɓa sayar da irinsa ba, kamar wanda aka buga guda biyar ko ɗaya tilo, ana kimanta shi ne ta hanyar maƙwabtansa. A nemi cinikin katin ɗan wasan a wani launi mai adadin kwafi kusa da wannan, ko katin wani ɗan wasa mai irin kasuwarsa a launi ɗaya da shekara ɗaya, a fitar da adadin da za a iya kare shi da hujja. A ɗauki hoton waɗannan cinikayya da kwanan watansu a adana, tare da hoton katin gaba da baya kafin a sa shi a leda, domin su ne shaida idan an yi saɓani a kan ciko ko diyya.

Kowane kati a rubuta masa kimarsa shi kaɗai, kada a raba jimilla ɗaya daidai wa daida a kan katuna ashirin, domin a cikinsu wanda ya fi tsada shi ne zai cutu. Wanda yake turawa daga wajen Amurka kuma ya sani cewa kimar da ya ayyana wa kamfanin ba ta rufe tafiyar katin zuwa can, wannan inshora ce dabam da zai saya wurin kamfanin aika kaya, kuma a wannan tafiyar kimar katin ita ce ta yanzu da ba shi da maki. A dawowa ne kimar bayan tantancewa take shiga takardun kwastan, kuma a kanta ƙasarsa za ta iya lissafa haraji, don haka ya sa wannan kuɗin cikin lissafi tun kafin ya rufe kwali. Idan ta hannun dillali mai haɗa katunan mutane da yawa zai tura, ya tambaye shi a rubuce adadin da zai ayyana a kan kowane kati nasa, da kuma wanda zai biya ciko in an nema.