Harbin kankana don gwada harsashi: inda ake tafka kuskure

A Amurka, inda mallakar bindiga ba baƙon abu ba ne, akwai masu tashoshin YouTube da sana'arsu ke nan: a jera kankana goma, ko a ajiye dunƙulen cuku, a yi ta ɗirka musu harsasai iri-iri don a ga wanne ya fi nutsewa. Kallon akwai daɗi, ko da yake ɓarnar abincin tana sosa rai. Sai dai hukuncin da ake yankewa bayan harbin sau da yawa ba ya tsayuwa da ƙafarsa.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar fashewa a matsayin ratsawa. Kankana kusan kashi 92 cikin ɗari ruwa ce, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Harsashi mai faɗin milimita 5.56 na doguwar bindiga yana fita da gudun da ya haura mita 900 a daƙiƙa ɗaya. Da ya shiga kankanar farko sai ruwan ya tunkuɗe ɓawon ta kowane ɓangare, jan tsokar ta fantsama har kan gilashin kyamara. Mai kallo sai ya ce ai wannan shi ne sarki. Amma harsashin ƙarami ne, nauyinsa kusan giram 4 ne, kuma a irin wannan gudu yakan juya ya tarwatse tun bai yi nisa ba. Shi kuwa 9mm (mai faɗin milimita 9) na ƙaramar bindiga, mai giram 8 da gudun kusan mita 360 a daƙiƙa, yana iya wucewa salin-alin ya bar ɗan rami kamar na yatsa, ya huda kankana fiye da na farkon. Gyaran mai sauƙi ne: a daina duban tarkace, a nemo inda harsashin ya tsaya, a auna nisan da tef.

Daga nan sai haɗa harsasan da ba jinsi ɗaya ba. Akwai mai rufin tagulla har baki, akwai mai rami a baki wanda aka ƙera don ya buɗe kamar lema ya tsaya da wuri. In aka sa 9mm mai rufi da .45 (harsashin da ya fi shi faɗi) mai rami, ƙirar harsashi aka gwada, girmansa bai shigo lissafi ba. Haka tsawon bututun bindiga yake canza gudu, don haka masu gwajin gaske suke ajiye na'urar auna gudu a gaba.

Abincin kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Cukun da ya fito daga firji daban yake da wanda ya sha rana, kankana nunanna daban da ɗanya. Wannan ne ya sa ƙwararru suka koma ga jelatin, wani daskararren haɗi mai kwaikwayon tsokar jiki, wanda Dokta Martin Fackler na sojan Amurka ya daidaita a shekarun 1980: kashi 10 cikin ɗari a ruwa, a sanyin digiri 4. Kafin gwaji ma sai an harba masa ƙwayar ƙarfe mai milimita 4.5, a ga ta nutse kusan santimita 8.5. Bayan artabu da 'yan fashi a birnin Miami a 1986, inda jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, biyu suka rasa rayukansu, hukumar ta tsayar da ma'aunin cewa harsashi ya nutse inci 12 zuwa 18 a cikin irin wannan jelatin. Kankana ba ta da fata mai juriya, ba ta da ƙashi, saboda haka abin da ya same ta ba ya nuna abin da zai sami jikin dabba. Harbi ɗaya kuma ba hujja ba ne, FBI sau biyar take maimaita kowane gwaji.

Kuskuren da ba shi da gyara shi ne dogara da cewa abin da aka harba zai tare harsashin. A 2017 a jihar Minnesota wani saurayi ya riƙe littafi mai kauri a ƙirjinsa, budurwarsa ta harba da bindigar hannu Desert Eagle mai ƙaton harsashin .50 don bidiyo, harsashin ya ratsa ya kashe shi. Dole a sami tudun ƙasa a baya, mutane duka su koma bayan mai harbi, a kuma guji abinci daskararre, domin abu mai tauri yana iya karkatar da harsashi. A Najeriya riƙe bindiga ba lasisi laifi ne na ɗauri, don haka namu ya tsaya a kallo.