Neman asalin gida a Sakkwato: inda aka fi yin tuntuɓe

Yawancin masu binciken asali a garin nan daga sama suke farawa. Mutum bai san sunan kakan mahaifinsa ba, amma ya riga ya yanke cewa gidansu ya haɗu da wani wanda ya bi Shehu hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Daga nan duk sunan da ya ji ya yi kama, sai ya jawo shi ya liƙa. Gyaran shi ne ka faro daga kanka: mahaifi, kaka, uban kaka, kowanne da garin da ya zauna, sana'arsa, matan da ya aura da inda aka rufe shi. Inda igiyar ta tsinke, ka rubuta cewa nan ta tsinke. Kirarin da maroƙi ya yi maka ranar ɗaurin aure yana da daɗin ji, amma aikinsa ya faranta maka ne.

Suna kuma shi ya fi yaudarar mutane. Na yi wata biyu ina lissafa Garba da Abubakar a matsayin wa da ƙane, har ranar da na karanta wa goggona jerin a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta ɗago ta ce, "Kai yaro, wa yag gaya maka su biyu na? Ai mutum guda na." Haka Shehu da Usman, haka Bello da Muhammadu. Ga alkunya: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mata ba ta faɗin sunan miji, jikan da ya ci sunan kakansa kuwa a ɓoye sunan a ce masa Abba ko Baffa. Kowane mutum ka buɗe masa shafi, ka sa sunan yanka, laƙabi, da sunan da aka rubuta masa a makaranta, don a makarantun boko na da sunan gari ake liƙa wa yaro, kamar yadda Shehu Shagari ya sami nasa. Mutum biyu masu amsa Yabo ko Tambuwal ba lalle su haɗa jini ba.

Riƙo ma yana shiga nan. Yaron da baffansa ya riƙe tun yaye, sau da yawa da sunan baffan ya tashi. Kada ka tsaya a "ɗan wane ne?" Ka ƙara da "wa ya haife shi, wa ya riƙe shi?" Wannan tambaya tsofaffin mata suka fi iya amsa ta, su ne kuma aka fi tsallakewa. Su suka san wadda aka saki, wadda ta zo da agola, da waɗanda suka sha nono ɗaya. Ka je da goro, ka nemi izini kafin ka kunna rikodar waya, kuma ka ji kowa shi kaɗai, don a gaban maigida kowa abin da maigida ya faɗa zai maimaita.

Tsoho ba ya ba ka shekara, zamani yake ba ka. In ya ce "zamanin Tambari", wato Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari, tsakanin 1924 da 1931 ke nan. Hassan ɗan Mu'azu daga 1931 zuwa 1938. Abubakar na Uku kuwa shekara 50 ya yi, har 1988, don haka sai ka nemi wata alama ta biyu, kamar rasuwar Sardauna a 1966 ko shigowar naira a 1973. In kuwa ka ga shekara a rubuce cikin ajami a bangon Alƙur'anin gida, ta hijira ce. Wasu sai su ƙara 622 kawai. Gwada da 1350: lissafin zai ba ka 1972, alhali ta faɗo ne a 1931 zuwa 1932, saboda shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11.

Kalmar "Sakkwato" a tsohuwar takarda ta fi jihar yau faɗi. An cire Kebbi a 1991, Zamfara a 1996, ke nan Basakkwacen takardar yana iya zama mutumin Gusau ko Argungu. Kuma bayan Turawa sun ci garin a 1903, gidaje da dama sun bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas. Waɗanda suka tsira daga yaƙin da aka yi da Turawa a Burmi wasu sun zarce Sudan. Reshen da ya ɓace maka ƙila yana can.

Sai ka gama da gida za ka nufi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, ko ma'adanar takardu ta ƙasa a Kaduna inda fayilolin lardin Sakkwato suke ƙarƙashin SOKPROF. Ka tafi da sunan gunduma, hakimi da zamani. Takardun En'e (hukumar gargajiya ta zamanin Turawa) da na haraji sun fi ambaton masu sarauta da ma'aikata, rashin ganin sunan kakanka manomi a ciki ba ya nufin komai.

Takardun gafaka kuwa, kada ka kai su shago a manne su da leda mai zafi, ba ta ɓanɓaruwa sai da tawadar. Ka ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya a inuwa, ka mayar da su yadda ka same su a jere, ka rubuta a hannun wa suke da ranar da ka gani.