Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Haɗa Wayoyi da Makunnai a Motocin Shiga Daji

Wanda ke shiga ƙauyukan Tangaza da Gudu ko fadamun Rima da Hilux ko Land Cruiser ya san kayan lantarkin da mota ta zo da su ba sa biya masa bukata. Yana son doguwar fitila a saman mota saboda tafiyar dare, yana son famfon iska domin mayar da iskar tayoyi bayan ya rage ta a cikin yashi, wani ma har da ƙaramin firij da injin jan mota a gaban bamba. Da yawa kan haɗa wayoyin da hannunsu, kuma babu laifi a cikin haka, sai dai kurakuran da ake yi kusan iri ɗaya ne, kuma tushensu shi ne ɗaukar wayar mota tamkar wayar gida. Ai volt 12 ne kawai, in ji su, ba ya kama mutum. Gaskiya ne ba ya kama mutum, amma batirin da ke iya juya injin dizal yana iya mayar da waya jawur cikin ƙiftawar ido.

Mafi hatsari shi ne jan waya daga kan batir ba tare da fis ba, ko sanya fis ɗin can kusa da fitila. An fi zaton fis yana kare fitila ne, alhali aikinsa na farko shi ne kare wayar kanta. Idan fis yana ƙarshen layi, duk tsawon wayar da ke tsakaninsa da batir ba ta da mai tsaro, kuma ranar da ƙarfe ya goge robarta ta taɓa bodi, babu abin da zai yanke wutar. Na taɓa ganin haka da idona a hanyar Illela bayan sallar isha'i, a motar wani abokin tafiya. Warin ƙonannar roba muka fara ji, kafin mu tsaya hayaƙi ya fara fitowa ta gefen bonet, kuma da muka buɗe sai muka tarar wayar fitilar ta narke tun daga batir har inda ta ratsa cikin mota, ta manne da wayoyin asali guda uku. Sufana mai lamba 10 da ke aljihun ƙofa ce ta cece mu, domin da ita aka kwance kan batir. Gyaran wannan kuskure ba shi da tsada: a sanya fis a kan wayar wuta kusa da batir, kada nisan ya wuce kamu ɗaya, sannan idan kayan suna da yawa a ja waya mai kauri guda ɗaya zuwa akwatin fis, kowane kaya ya samu nasa.

Girman fis ma ana yawan kuskure a kansa. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: a raba wat da volt, a samu amfiya. Fitila mai wat 120 a kan volt 12 tana jan amfiya 10, saboda haka fis mai 15 ya dace da ita, da sharaɗin wayar tana iya ɗaukar fiye da 15 ɗin. Fis na mota masu ƙafa biyu suna da launi da ke nuna ƙarfinsu: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Idan fis yana yawan ƙonewa, sai ka ga an cire shuɗi an cusa kore, ko an naɗa silin waya a gurbinsa. Fis da ya ƙone shaida ce cewa akwai matsala a wani wuri, kuma wanda ya ƙara masa girma ya rufe bakin mai shaida ne kawai.

Daga nan sai kaurin waya, inda ake yin tsimin da ba ya haifar da alheri. A wutar volt 12, kowane ɗan rashi yana bayyana. Ɗauki fitilar nan mai amfiya 10, a ce tsawon wayar, zuwa da dawowa, mita 12 ne. Idan wayar mai kauri 1.5 ce (ana auna kaurin waya da murabba'in milimita), kusan volt 1.4 zai salwanta a hanya ya zama zafi. Idan mai 2.5 ce, asarar ba ta kai volt 1 ba. Idan mai 4 ce, kusan rabin volt ne kacal. Shi ya sa famfon iska ke yin nishi, firij kuma ke kashe kansa alhali batir na da caji. A kuma lura da abin da ake saya, domin akwai wayar da cikinta alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, kuma alminiyom bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba. A kankare silin da wuƙa tun a gaban mai shago: idan fari ya bayyana a ƙarƙashi, a ajiye masa kayarsa. Wayar gida mai sili ɗaya mai tauri ita ma ba ta da wuri a mota, domin girgizar hanya mai gargada tana karya ta a cikin robarta, inda ido ba ya gani. Mai sili da yawa, mai laushi, ita ake nema.

Kuskure na gaba shi ne bi da dukkan wutar ta cikin makunnin da ke dashbod. Ƙananan makunnai ba a yi su don ɗaukar nauyi ba, balle makunnin bango na gida da wasu ke ɗaurawa, wanda aka ƙera don wata irin wuta daban. Aikin rile ne wannan, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa maimakon hannu. Makunni yana aika wa rile ƴar wutar da ba ta kai rabin amfiya ba, shi kuma ya haɗa babbar hanya daga batir zuwa kaya, ta yadda waya mai kauri ba ta shiga ɗakin direba ko kaɗan. A ƙasan rile akwai lambobi: 30 ita ke karɓar wuta daga batir ta bayan fis, 87 ita ke kai wa fitila, 86 tana zuwa daga makunni, 85 kuma tana tafiya bodi. Mai ƙafa biyar yana da ƙarin 87a a tsakiya, wadda ke da wuta lokacin da makunni yake a kashe, kuma duk wanda ya ga fitilarsa na kamawa idan ya kashe, tana mutuwa idan ya kunna, to can ya ɗaura wayarsa. A kafa rile ƙafafunsa na kallon ƙasa, domin ruwan damina da na wankin inji kada su kwanta a cikinsa.

Wayar bodi kuwa, wato wadda wuta ke bi ta koma batir ta jikin ƙarfen mota, ita ce marainiyar wannan aiki. Za ka ga an kashe kuɗi a wayar wuta, amma ta dawowa an ɗaura ƴar siririya a kan noti mai fenti ko tsatsa. Wutar da ta fita dole ta koma, saboda haka kaurinsu ɗaya ne. A goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure tam, a shafa giris a sama. A wasu sababbin motoci akwai na'urar auna wuta a kan ƙafar batir ta negetib, don haka a can gara a ɗaura a bodi maimakon kan batir kai tsaye.

Murɗa wayoyi biyu da hannu a naɗe da salatef na iya yin shekara a wani gari, amma ba a Sakkwato ba. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin bonet kuwa sai abin da ya ƙaru. Gam ɗin salatef ya narke, ya warware, ƙurar hunturu ta shiga, damina ta zo ta ƙarasa da tsatsa. Abin da ke ɗorewa shi ne kan waya na ƙarfe da aka matse da filayar matsewa, aka rufe da robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi. Bayan an matse a ja da ƙarfi, idan ta zame a sake. Duk inda waya za ta ratsa ramin ƙarfe a sa mata zoben roba, a nisanta ta da salansa da fanka da sandar sitiyari, a kuma ɗaure ta a kai a kai don kada ta riƙa lilo.

Wutar da ke zuwa makunnai an fi so a ɗauko ta daga layin da ke mutuwa idan an zare makulli, in ba haka ba yaro ya danna da rana, da asuba batir ya kwanta. Amma kada a yanka wayar da ba a san aikinta ba, musamman masu rigar rawaya a kusa da sitiyari, domin na jakar iskar kariya ne. A yi amfani da mitar gwajin wuta a tabbatar, a kuma rubuta sunan kowane fis a cikin murfin akwatin, saboda mai rewayar da zai duba motar a Wurno ko Gwadabawa bai san abin da ke ranka ba.

Injin jan mota shi kaɗai ba ya shiga wannan tsari, domin idan mota ta kafe a laka yana iya jan amfiya ɗaruruwa. Kebul ɗinsa masu kauri ne, duka biyun suna tafiya batir kai tsaye, kuma yana bukatar babban makunnin yankewa kusa da batir wanda zai zauna a kashe sai lokacin aiki, sannan injin motar kanta ya kasance a kunne yayin ja. Kafin fara duk wannan aiki a kwance ƙafar negetib tukuna, a cire zobe da agogon ƙarfe. Idan an gama, a mayar da fis ɗaya bayan ɗaya ana gwada kowane kaya, sannan a kunna su gaba ɗaya na minti 10 a bi wayoyin da tafin hannu. Wadda ta yi ɗumi kaɗan ba damuwa, wadda kuwa hannu ya kasa riƙewa a canza ta da mai kauri kafin motar ta bar gida.