Yadda za ka raba gidanka da macizai ta hanyar yanke musu abinci

Maciji ba ya cin hatsi, amma sau da yawa a gindin rumbu ake samunsa. Ɓera ne ya kawo shi. Duk macizan duniya nama suke ci, su haɗiye shi ɗungurungum ba tauna, kuma inda abincinsu yake nan suke tarewa. Saboda haka aikin daga abincin ake fara shi.

Da farko, ka bi ta kan ɓeraye. Share zubabben hatsi, ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, ka toshe ramuka da siminti ko jar ƙasa mai tsakuwa. Kasa na matuƙar son naman ɓera. Ba ta farauta da gudu, kwanto take yi a hanyar ɓera, ta shafe kwanaki ba motsi, shi ya sa ake taka ta.

Na biyu, kwaɗi. Gyara magudanar banɗaki da gindin randa, kada ruwa ya kwana. Da damina kwaɗi na taruwa ƙarƙashin fitila don cin ƙwari, kumurci kuma yana bin su har ƙofar ɗaki.

Na uku, akurki. Kumurci na shan ƙwai, yana cin 'yan tsaki. Sa raga mai ƙananan idanu, ka riƙa kwashe ƙwai kafin magariba.

Na huɗu, tarin itace, duwatsu da karan dawa su bar jikin ɗaki. Kunama, shanshani da ƙadangaru na ɓuya a ciki, su ne kuma cimar kububuwa, wadda cizonta ya fi cika asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe.

Mataki na biyar shi ne wanda mutane suka fi ƙi, ni kuwa shi na fi damuwa da shi: ba kowane maciji ake kashewa ba. Akwai masu cin 'yan uwansu. A Indiya da kudu maso gabashin Asiya, gamsheƙar da ake kira sarkin gamsheƙa, wadda tsawonta na iya wuce mita 5, kusan macizai kaɗai take ci. Mu ma nan Afirka muna da namu, wanda Turawa suka yi wa laƙabi da magagari saboda kaushin fatarsa. Jikinsa mai kusurwa uku ne, da tudu a gadon baya, yana tafiya a hankali cikin dare. Ba shi da dafi, amma yana haɗiye masu dafi. Abin takaici ne a ga an rufe shi da sanda a bakin gona.

Sai dai kada ka matsa kusa don tantancewa, domin kumurci ma na cin macizai, kuma yana fesa dafi a ido daga nisan mita 2. Ja da baya, janye yara, ka bar masa hanyar fita.