Yadda Ake Zaɓen Hular Gashi Daidai Kan 'Yar Tsanar Ado

Yawancin waɗanda suka fara tara 'yan tsanar ado suna sayen hular gashi ne bisa tsayin 'yar tsanar, kuma a nan ne kuɗinsu na farko yake salwanta. Mutum zai ga an rubuta cewa hula ta dace da 'yar tsana mai tsayin inci 16, ya biya kuɗinta da na aikowa daga ƙasar waje, ya yi makonni yana jira, sannan ta iso ta ƙi shiga, ko kuwa ta zurma har ta rufe gira. Lambar da ake rubutawa a jikin hular gashi ba ta da alaƙa da tsayin jiki. Kewayen kai take nufi, kuma galibi da inci ake bayar da ita.

Misali guda ya isa ya nuna girman tazarar. Barbie, wadda kamfanin Mattel na Amurka ya fito da ita a 1959, tsayinta inci 11 da rabi ne, kewayen kanta kuwa wajen inci 4 ne kacal. Blythe, wadda kamfanin Kenner ya fara yi a 1972 kuma Takara na Japan ya farfaɗo da ita a 2001, kusan tsayinsu ɗaya da Barbie, amma kanta ya kai inci 10 zuwa 11. Ko a tsakanin waɗanda suka fi kama da juna akwai bambanci: Tyler Wentworth da Ellowyne Wilde duka ƙirar Robert Tonner ne, duka inci 16 ne, amma ta farko tana ɗaukar lamba 5-6, ta biyu kuma 6-7. Saboda haka, komai sanin da kake ganin ka yi wa 'yar tsanarka, kada ka sayi komai sai ka auna.

Mataki na farko shi ne a bar kan 'yar tsanar fili, ba gashi ba hula, domin awon da aka yi a kan gashi ko a kan tsohuwar hula awon banza ne. 'Yan tsana masu gaɓoɓi, irin Super Dollfie da kamfanin Volks ya fara sayarwa a 1999, da ma da ƙwalƙwal suke zuwa, sai dai ka cire hular da ke kai, ka tabbatar murfin ƙoƙon kan, wato saman kan da ake iya cirewa, ya zauna daidai a kan maganaɗisun da ke riƙe shi, domin idan ya ɗan ɗaga zai ƙara wa awon. Masu gashi dasasshe, irin yawancin Barbie, sai an aske gashin da almakashi har ƙasa, a cire kan, a tsince ragowar ta ramin wuya da hantsaki. A nan ina da doka guda da ba na karyawa: 'yar tsana mai daraja wadda gashinta na asali yake lafiya ba a aske ta don a sa mata hula. Wanda yake son koyo ya nemi ta gwanjo wadda gashinta ya riga ya lalace, kuɗinta kaɗan ne, kuma ba a yi asarar komai ba.

Mataki na biyu shi ne awon kewaye. Tef ɗin tela mai laushi ake amfani da shi, amma a kan ƙananan kawuna, daga inci 6 zuwa ƙasa, faɗin tef ɗin yana hana shi kwanciya, sai ya yi tudu ya ba da lambar da ta fi gaskiya girma. Abin da ya fi shi ne a yanko siririyar takarda mai faɗin da bai wuce rabin santimita ba, a zagaya kan da ita, a sa alama da fensir a inda bakinta ya haɗu, sannan a shimfiɗa ta a kan rula. Kada a yi amfani da zare, domin yana miƙewa idan an ja shi, kuma biro ba ya kusantar fuskar 'yar tsana, saboda roba tana shan tawada ta riƙe.

Inda takardar take bi shi ne muhimmi. Ana farawa daga tsakiyar goshi, daidai inda ake son gashi ya fara, a bi ta saman kunne ɗaya ba tare da an hau kunnen ba, a gangara zuwa ƙeya inda tudun kai ya fara lanƙwasa zuwa wuya, a dawo ta saman ɗaya kunnen. Layin karkatacce ne, ya fi ɗaga a gaba, ya fi sauka a baya. Sababbin shiga sukan zagaya kan a miƙe kamar masu ɗaura zobe, ko su haɗa da kunnuwa, sai su samu ƙarin kusan rabin inci, wanda a kan ɗan ƙaramin kai ya isa ya kai mutum ga lamba ta gaba. A maimaita awon, idan sakamakon ya saɓa a sake har ya tsaya a wuri guda. A rubuta shi da inci da santimita duka, tunda wasu masu sayarwa, musamman na Japan da Koriya ta Kudu da Sin, da santimita suke lissafi. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, wato kai mai santimita 19 ya kusa inci 7 da rabi, mai santimita 21.5 kuwa ya kusa inci 8 da rabi.

Mataki na uku shi ne wanda kusan kowa yake tsallakewa, kuma shi ne dalilin da ya sa mutum zai auna kewaye daidai, ya sayi lambar da ta dace, amma hular ta zauna ba kyan gani. Wannan shi ne zurfin hular. Duk wanda ya taɓa sayen hular zanna ya san cewa lamba 22 ko 23 ba ta gama magana ba, domin akwai mai tsayi akwai gajera, kuma wadda ta yi wa wani kyau tana iya nutsar da wani. Haka abin yake a nan. Kawuna biyu za su iya yin kewaye ɗaya, amma ɗaya mai tudu ne a sama, ɗaya kuma shimfiɗaɗɗe ne mai faɗi a baya. Don haka ana ƙara awo biyu: ɗaya daga saman kunne zuwa saman ɗaya kunnen ta tsakar kai, ɗaya kuma daga layin goshi zuwa ƙeya ta tsakar kai.

Idan hular ta fi kan zurfi, bakinta zai kama daidai, amma za a ga iska ta rage a sama, gashin ya yi tozo, kuma in ka danna tsakiyarta da yatsa za ta lotsa kafin ta taɓa kan. Mai irin wannan matsala yakan ja hular ƙasa don ya cike gurbin, sai gashin gaba ya sauko kan idanu, gefuna su haɗiye kunnuwa, fuskar da aka kashe kuɗi wajen zana ta ta ɓace. Idan kuwa hular ba ta kai zurfin kan ba, za ta riƙa zamewa sama a hankali ko da ba a taɓa ta ba, ƙeya ta fito fili, sai mai ita ya zaci ta yi ƙanƙanta ya sayi lamba ta gaba, wadda ita kuma za ta yi yawa a kewaye. Yawancin masu sayarwa ba sa rubuta zurfi a tallarsu, sai ka tambaya. Ka aika musu da awonka guda uku, ka kuma tambayi a kan wace 'yar tsana aka ɗauki hoton tallar, domin wannan amsar ita kaɗai tana nuna maka siffar kan da aka ɗinka hular dominsa. Mai sayarwar da ya ƙi amsa waɗannan tambayoyi, ni dai ba na ba shi kuɗina, musamman ganin cewa kuɗin mayar da kaya zuwa ƙasar waje yakan fi kuɗin hular kanta.

Mataki na huɗu shi ne fassara awon zuwa lamba. Galibi lambobi biyu ake rubutawa tare, kamar 6-7 ko 7-8 ko 8-9, ma'ana ƙyallen hular yana miƙewa daga ta farko zuwa kusan ta biyu. A tsakanin 'yan tsana masu gaɓoɓi, manya masu tsayin wajen santimita 60 sun fi ɗaukar 8-9, matsakaita masu santimita 40 zuwa 45 suna ɗaukar 7-8, ƙanana masu wajen santimita 26 kuma 6-7. Wannan jagora ne kawai, domin akwai matsakaita masu siririn jiki da ƙaramin kai waɗanda 6-7 ce take yi musu, akwai kuma manya da sai 9-10.

Wahalar tana zuwa ne idan awon ya faɗo a kan iyaka, misali inci 8 cif. Idan hular mai miƙewa ce, ka ɗauki 7-8, domin hular da ta ɗan matse tana zama da kanta, kuma lastik yana saki da daɗewa, ba ya ƙara matsewa. Idan kuwa ba mai miƙewa ba ce, kamar wadda aka yi da fatar ɗan rago da gashinta a jiki, ka ɗauki babbar, tunda ana iya rage babba amma fata ba ta ƙaruwa, yagewa take yi. Akwai nau'i na uku, mai taurin ƙoƙo, wanda ake ƙerawa da ƙyalle da gam a kan siffar wani kai na musamman. Shi wannan ba ruwansa da lamba. Ko dai an yi shi don irin kan 'yar tsanarka, ko kuwa ba naka ba ne. A kan ƙananan kawuna masu inci 4 zuwa 5 shi ya fi kyau, saboda yana kwanciya lif ba tare da kaurin ɗinki ba, sai dai yana da tsada. A kuma tuna cewa 7-8 ta wani kamfani ba lallai ta yi daidai da 7-8 ta wani ba, don haka idan ka samu wanda hulunansa suke zauna wa 'yar tsanarka, ka riƙe shi.

Akwai abin da ya kamata a yanke shawara a kansa tun kafin a kammala awo, wato ko za a sa wata 'yar hula a ƙarƙashi. Hulunan gashi masu baƙin ƙyalle suna zuba a jikin kai, musamman kan roba mai laushi irin na 'yar tsanar Dollfie Dream ta kamfanin Volks, su bar tabo mai duhu a goshi da ƙeya wanda fitar da shi aiki ne mai cin lokaci. Kariyar ita ce siririyar hular silikon, wato wata irin roba mai laushi, ko ta farin ƙyalle, kuma ta silikon tana da ƙarin amfani, domin tana hana gashin zamewa. Sai dai tana ƙara kauri, don haka idan za ka yi amfani da ita, ka sa ta a kan tukuna sannan ka auna. Kan da ya tsaya a inci 8 cif yana iya haurawa zuwa 8-9 saboda ita kaɗai.

Kaurin gashin ma yana shiga lissafi, ko da yake ba ya cikin lamba. Silin gashin roba mai kauri da yake yi wa babbar 'yar tsana kyau, a kan Barbie sai ya cika ya sa kan ya rinjayi jiki. Ga duk kan da bai kai inci 6 ba, gashin moha na akuyar Angora, ko na alfaka, wata dabba mai laushin gashi ta Kudancin Amurka, ko na roba da aka kwaikwayi laushinsu, shi ne zaɓi.

Idan hular ta iso, kada ka cire takardar jikinta sai ka gwada. Ka kifa ta gashin ya zubo ƙasa, ka gano baya, wanda galibi nan ne ɗinkin lastik ko takardar lamba take, ka ɗora gaban a kan goshi ka danne da babban yatsa, sannan ka ja bayan da ɗaya hannun har ya sauka ƙeya. Yatsa ba ya sauka kan fentin fuska ko gashin ido. Bayan ta zauna, ka karkata 'yar tsanar gaba da baya, ka duba ko layin goshi ya motsa, ka danna tsakar kai ka ji ko akwai iska.

Gyara ba shi da yawa. Wadda ta ɗan yi girma, a juya ta a kama ƙaramar tattara a baya da allura da zare, ko a liƙa gefe mai kaushi na Velcro, wato maƙalin nan na takalmi da jaka, a kan murfin kai ya riƙe ta. Wadda zurfinta ya yi yawa, a cusa 'yar farar auduga a tsakiya. Wadda ta ɗan matse, a ɗora ta a kan ƙwallo ko gindin kofi da ya ɗan fi kan girma ta kwana a haka, in bai yi ba a ɗan tsaga lastik ɗin ƙeya kaɗan inda gashi zai rufe. Gam mai kamawa dindindin ba ya hawa kan 'yar tsanar da ake tarawa, domin yana ɓata kan kuma yana karya darajarta ranar da za a sayar. Baƙar hula kuwa a wanke ta da ruwan sanyi da ɗan sabulu marar ƙarfi har ruwan ya daina sauya launi, a bar ta ta bushe sarai a inuwa kafin a bar ta ta daɗe a kan 'yar tsana.