Kafin ku kafa akurki a bayan gida

'Yan uwa masu kiwon kaji, ku fara duba inda ƙofa za ta kalla. A ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa, sanyin hunturu kuma daga arewa maso gabas, don haka ni kudu nake juya bakin akurkina. Ku ɗaga shi kamar kamu ɗaya daga ƙasa, kashi ya riƙa zubowa, ruwan damina ya wuce ta ƙarƙashi. Rufin kwano kuwa, in bazara ta yi, tanda ne; ku shimfiɗa zana a samansa. Ragar waya ku sayi mai ƙananan ido, don ɓera da tunku. Na taɓa sa mai faɗi saboda arha, dare ɗaya na rasa 'yan tsaki 6.