Yadda za ki haɗa wa yara littafin hotuna na kwalliya

Da farko ki leƙa wajen telan ƙauyenku gab da Sallah, lokacin da ƙyallayen atamfa da shadda ke zube a ƙasa, ki roƙo.

Ki ninke farar takarda 4 gida biyu, ki ɗinke tsakiyar da allura da zare; kin samu shafi 16 ke nan. Kwalin taliya ya isa bango. Ki jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya kwana, shi ne abin liƙi.

Sai labarin, nan ne aikin yake. Ki zana zabuwa mai son a kalle ta: ta rambaɗa kwalli, ta sha lalle, za ta kasuwar Wudil ranar Juma'a, ta ƙi jiran ƙawarta kaza. Kowane shafi ki ƙara mata ado da ƙyalle, ɗankwali kan ɗankwali, har ta kasa tashi sama. Ruwa ya sauko, kaza ce ta taya ta kwancewa.

Jimla ɗaya a shafi ta wadatar. Liƙin kuwa ki bar wa yaran, ko ya karkace.